Shekarar La'ifi: Tarihin Fahimtar Raunin Saduwar Aure Tsakanin Fiƙihu da Likitanci

A babin aure na littattafan fiƙihu akwai wani fasali da ɗalibi kan karanta da hanzari, malami kuma ya fassara da murya ƙasa-ƙasa, wato fasalin aibobin da ke bai wa ɗaya daga cikin ma'aurata zaɓin zama ko rabuwa. A cikinsa ne ake samun hukuncin mijin da ya kasa saduwa da matarsa, wanda Bahaushe ke kira la'ifi. Kalmar daga Larabci ta fito, daga lafazin da ke nufin mai rauni, harafin ladi ya koma lam kamar yadda ya koma a alwala da farilla da alƙali. Hukuncin sananne ne: idan matar ta kai ƙara, alƙali zai yanka wa mijin ajalin shekara guda. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne inda wannan shekara ta samo asali, da irin fahimtar da magabata suka yi wa dalilan wannan lalura har suka ga shekara ce ta dace da ita. Wanda ya bi sawun wannan ajali zai tarar da malaman fiƙihu da likitoci suna aiki kafaɗa da kafaɗa, zai kuma ga inda hukunci ya dogara ga asari da inda ya jingina ga ilimin jiki na zamaninsa.

Daga Madina

Mafi daɗewar ƙara irin wannan da aka adana mana ita ce ta matar Rifa'atul Ƙurazi, wadda Imamu Malik ya ambaci sunanta a Muwaɗɗa da Tamima 'yar Wahbu. Rifa'a ya sake ta saki uku, ta auri Abdurrahman ɗan Zabir, sannan ta zo gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana kukan cewa sabon mijin ba ya iya biya mata bukata, har ta kamanta abin da ke gare shi da gezar tufafi. Buhari da Muslim sun ruwaito ƙissar daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Abubakar yana zaune a wurin. Halidu ɗan Sa'idu yana bakin ƙofa yana jiran izini, da ya ji abin da take faɗa sai ya yi kira ga Abubakar da ya kwaɓe ta. Manzon Allah bai yi komai ba face murmushi, sannan ya bayyana mata cewa ba za ta koma wa Rifa'a ba sai saduwa ta haƙiƙa ta auku tsakaninta da miji na biyu. A wata ruwayar ta Buhari, Abdurrahman ya zo da 'ya'yansa biyu na wata matar, ya ƙaryata ta.

Abin lura a nan shi ne wanda ya ji nauyin maganar da wanda ya saurare ta. Sahabin da ke bakin ƙofa ne ya ga abin ya yi yawa. Mai shari'ar kuwa ya bar ta ta kai aya. Amma hadisin bai yanka ajali ba, kuma da wannan ne Ibnu Hazmin Andalus (ya rasu 456/1064) ya kafa hujja a Muhalla cewa ba a raba aure saboda la'ifci ko kaɗan, ra'ayin da ya gada daga Dawuduz Zahiri. Jumhur suka amsa masa da cewa ajali ba ya tabbata sai mace ta nemi rabuwa a kan wannan dalili kuma an tabbatar da lalurar, alhali wannan mata komawa ga mijinta na fari take so, mijin na biyu kuma musantawa ya yi.

Shekarar da kanta daga hukuncin sahabbai ta fito. Abdurrazzaƙ da Ibnu Abi Shaiba sun kawo a Musannafansu cewa Umar ɗan Haɗɗabi ya hukunta a jinkirta wa la'ifi shekara guda, an kuma ruwaito irin haka daga Ibnu Mas'ud da Mugira ɗan Shu'uba. Fitacciyar hanyar asarin Umar ta biyo ta Sa'idu ɗan Musayyib ne, kuma malaman hadisi sun yi magana a kan ko ya ji daga Umar kai tsaye, tun da yaro ne ƙarami a zamanin halifancinsa. Sai dai manya irin su Imamu Ahmad sun karɓi ruwayarsa daga Umar saboda yadda ya kiyaye hukunce-hukuncensa. Malik ya kawo maganar a Muwaɗɗa a matsayin fatawar Sa'idu, ya kuma tambayi malaminsa Ibnu Shihab daga yaushe za a fara ƙirga, daga ranar tarewa ko daga ranar kai ƙara. Ibnu Shihab ya ce daga ranar da ta kai maganar gaban hukuma. Malik ya rufe babin da wata mas'ala da za mu dawo mata, domin ita ce ƙashin bayan matsalar a yau: wanda ya taɓa saduwa da matarsa sannan rauni ya same shi daga baya, Malik ya ce bai ji ana yanka masa ajali ko ana raba su ba.

Rabe-raben Malikiyya

Da mazhabobi suka kafu, sai aka shiga tantance nau'o'in lalurar, kuma a nan Malikiyya suka fi kowa rarrabewa. A wurin Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, innin shi ne duk wanda ba ya iya saduwa alhali gabansa na nan. Malikiyya kuwa suka keɓe wannan suna ga wanda gabansa ya yi ƙanƙantar da saduwa ba ta yiwuwa, suka kira wanda halittarsa ke daidai amma ba ta motsawa da mu'utarid, wato wanda wani abu ya gitta masa. Sai majbub, wanda aka yanke wa gaba ɗaya, da hasiyyi, wanda aka yanke wa sashe, irin waɗanda ake kira babanni a fadojin da. Ɗalibin da ya karanta Mugni ko Hidaya sannan ya dawo Muhtasar ba tare da sanin wannan bambanci ba zai ruɗe, domin wanda can ake jinkirta wa shekara da sunan innin, nan mu'utarid ne.

Rabon yana da hikima ta aiki. Ukun da lalurarsu ta gaɓa ce, a bayyane, ba a jiran komai a kansu: mace tana da zaɓi nan take, domin jira ba zai mayar da abin da babu ba. Mu'utarid kaɗai ake jinkirta wa, saboda shi ne ake fatan warakarsa. Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani (ya rasu 386/996) ya taƙaita hukuncin a Risala, Halil ya faɗaɗa shi a Muhtasar a ƙarni na takwas na Hijira, Ibnu Asim na Garnaɗa (ya rasu 829/1426) ya tsara shi cikin waƙen Tuhfa domin alƙalai. Waɗannan ukun su ne littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka yi ta hukunci da su. Abin da suka tattaru a kai shi ne: ana fara ƙirgen shekarar daga ranar hukunci, bayan mijin ya warke idan yana fama da wata cuta ta daban, idan shekara ta cika bai iya ba, a umarce shi ya saka, in ya ƙi a raba, sakin ba'ini ne, kuma a mashahurin zance matar tana da cikakken sadakinta bayan cikar ajalin, saboda ta zauna ta ba shi dama tsawon shekara.

Me ya sa shekara?

Asarin Umar bai faɗi dalili ba. Malamai ne suka zo daga baya suka nemi illar hukuncin, kuma wurin likitoci suka je nemanta. Sarahsi a Mabsuɗ, da Marginani (ya rasu 593/1197) a Hidaya, da Ibnu Ƙudama (ya rasu 620/1223) a Mugni, duk bayani guda suka yi. Kasawa tana iya zama halitta ce, tana kuma iya zama lalura mai wucewa da rinjayen ɗaya daga cikin ɗabi'u huɗu ya haddasa: zafi, sanyi, danshi ko bushewa. Shekara tana ƙunshe da yanayi huɗu, kowanne yana maganin kishiyarsa. Wanda sanyi ya yi wa yawa zai samu sauƙi a lokacin zafi, wanda bushewa ta dama zai farfaɗo a lokacin danshi. Idan yanayin huɗu suka shuɗe bai motsa ba, an gane abin halitta ne. Ibnu Ƙudama ya ƙara da abin da aka hakaito daga Abu Ubaid, cewa likitoci suna ganin cuta ba ta ɓuya a jiki fiye da shekara ba tare da ta bayyana ba.

Wannan bayani na Jalinusu ne, likitan Yunanawa na ƙarni na biyu na Miladiyya, wanda Hunainu ɗan Is'haƙ da almajiransa suka juya littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na uku na Hijira. Shekarar ta riga fassarar da kusan ƙarni biyu. Ta'alilin ne ya biyo bayanta. Amma da ya shigo sai ya fara taɓa hukuncin da kansa. Hanafiyya sun yi saɓani a kan wace shekara ake nufi, ta wata ko ta rana. Zahirin ruwaya ta wata ce, kamar sauran ajalolin shari'a. Sai dai an ruwaito ta rana daga Abu Hanifa ta hanyar Hasan ɗan Ziyad, Sarahsi kuma ya karkata gare ta, da hujjar cewa yanayi huɗu ba sa cika sai a shekarar rana, kuma mai yiwuwa warakar mutumin tana cikin kwana 11 ɗin nan da ke tsakanin shekarun biyu. Ba kasafai ake ganin wurin da ra'ayin likita ya ƙara wa ajalin shari'a kwanaki a fili irin wannan ba.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai lura da wani abu. A tsarin Yunanawa lokacin sanyi shi ne na ruwa, domin haka yake a gaɓar Bahar Rum. A wurinmu hunturu busasshe ne ƙurmus, ruwa kuma sai damina, bayan bazara ta gasa ƙasa. Yanayinmu huɗu, bazara da damina da kaka da hunturu, ba su hau kan nasu daidai ba, balle ƙasashen da ba su san komai ba sai rani da damina. Duk da haka alƙalan Kano da Katsina da Sakkwato sun yi aiki da shekarar, kuma sun yi daidai, domin asarin sahabbai suke bi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zancen yanayi huɗu hikima ce da aka nemo wa hukunci, ba illar da hukuncin ke rayuwa ko mutuwa da ita ba.

Abin da likitocin Musulmi suka gani

Likitocin ba su ɗauki wannan fanni abin kunya ba. Sun kira shi ilimin bahi, kuma Abubakar Arrazi (ya rasu 313/925) ya keɓe masa littafi guda. Ibnul Jazzar na Ƙairawan, ɗan gari ɗaya kuma ɗan zamani ɗaya da mai Risala, ya ware maƙala ta shida ta Zadul Musafir ga cututtukan gaɓoɓin haihuwa na maza da mata. Kustantin ɗan Afirka ya mayar da littafin zuwa Latin a Italiya a ƙarni na 11, ya zama abin karantarwa a makarantun likitanci na Turai. Zahrawi na Ƙurɗuba ya bayyana aikin tiyata ga yaron da aka haifa mafitsararsa ba a inda ya kamata ba. Manyan malaman addini ma sun sa hannu: Suyuɗi (ya rasu 911/1505) yana da Alwishah a kan fa'idojin aure.

Mafi tsari a cikinsu shi ne Ibnu Sina (ya rasu 428/1037), a littafi na uku na Ƙanun. Ya rarraba dalilan raunin saduwa gwargwadon mazauninsu. Wani yana cikin gaɓar kanta, kamar sakin jijiya ko sanyin da ya kama ta. Wani yana cikin ma'ajiyar maniyyi. Wani kuma daga manyan gaɓoɓi yake tasowa, zuciya ko ƙwaƙwalwa ko hanta, ko daga ƙoda. Wani daga ƙarancin iskar da suke ganin ita ke cika gaba ta miƙar da shi. A wannan na ƙarshe sun yi kuskure, domin jini ne ke yin aikin, kuma kuskuren ne ya sa suka yawaita wasiyya da abinci mai kumbura ciki, irin waken da Larabawa ke kira himmas, tare da albasa da citta da ƙwai da zuma. Amma tushen tunanin, cewa raunin gaba sau da yawa saƙo ne daga wata gaɓa mai nisa, musamman zuciya, ya tabbata fiye da yadda shi kansa zai zata.

Inda ya fi burge mai karatu shi ne dalilan da ya kira na wahami. Ya ambaci ƙin abokin zama, da jin nauyinsa, da tsoron kasawa da ke riga mutum shiga zuciya, musamman idan ya taɓa kasawa sau ɗaya bisa tsautsayi. Duk lokacin da ya sake kusantowa sai hoton wancan karon ya tsaya masa a rai. Ya kuma ambaci daɗewa ba a yi ba, har jiki ya manta. Wannan tsoro shi ne abin da Masters da Johnson suka gina maganinsu a kansa a Amurka a littafinsu na 1970, bayan fiye da shekara 900. Ibnu Sina ya yi magana a kan saurin inzali, ya kuma faɗa a sarari cewa ba aibi ba ne likita ya yi bayanin abin da ke kawo gamsuwar mace, domin rashinta yana hana zuriya kuma yana ɓata aure. Gazali (ya rasu 505/1111) ya zo da irin wannan a Ihya ta fuskar ladabi, inda ya hori miji da ya saurara wa matarsa har ta kai ga bukatarta, ya ce saɓanin lokaci a wannan wuri yana haifar da ƙiyayya.

Ɗauri

Sihiri yana cikin lissafin magabata, ba su kore shi ba. Alƙur'ani ya ambaci masu koyon abin da suke raba miji da mata da shi a Suratul Baƙara, Buhari kuma ya kawo tambayar da Ƙatada ya yi wa Sa'idu ɗan Musayyib game da mutumin da aka kange daga matarsa, ko a warware masa, Sa'idu ya ce babu laifi tun da gyara ake nufi. Ibnu Hajar ya naƙalto maganin ganyen magarya bakwai da ake jinginawa ga littattafan Wahbu ɗan Munabbih. Haskafi (ya rasu 1088/1677) a Durrul Muhtar ya jera dalilai uku, cuta ko tsufa ko sihiri, ya ce na ƙarshen ana kiransa ɗaurarre.

Sai dai a duba yadda suka yi da shi a kotu. Da'awar sihiri ba ta ƙara wa miji ko kwana ɗaya a kan ajalinsa, ba ta kuma zubar da haƙƙin matar. Alƙali ba ya binciken wanda ya yi ɗaurin, ba ya kiran kishiya ko tsohuwar budurwa. Abin da yake dubawa shi ne ko saduwa ta auku. Kuma siffar da ake ba ɗaurarre, wato mai lafiya a keɓe ko tare da wata matar amma ya saki da zarar ya kusanci wannan, ita ce dai siffar da Ibnu Sina ya ba mai wahami. Malaman fiƙihu sun yarda mutum yana iya zama la'ifi ga mace ɗaya ban da wata, suka ba wadda aka kasa ɗin haƙƙinta ba tare da sun tilasta wa kansu yanke hukunci a kan sababin ba. A ganina wannan kamewa ta fi abin da muke yi a yau, inda ɗauri ya zama bayani na farko kuma na ƙarshe, ango ya kwana uku cikin firgici a ɗakin amarya, kafin mako ya zagayo an riga an sami wadda za a zarga.

Tabbatarwa, da ɓangaren mata

Wuri mafi wuya shi ne hujja, domin abu ne da ba ya da shaidu. Jumhur suka ce idan matar budurwa ce, mata amintattu su duba ta. Idan bazawara ce, maganar miji ake kamawa tare da rantsuwa. Malikiyya a mashahurin zance suna gaskata mu'utarid da rantsuwarsa idan ya ce ya sadu da ita cikin ajalin, in ya noƙe sai ita ta rantse. Wanda ake tuhuma da yankewa ko ƙanƙanta kuwa ana shafa shi ta saman tufa, ba a tsiraita shi. Ana iya cewa wannan ya sauƙaƙa wa maƙaryaci, kuma haka ne. Amma a kwatanta da Faransa, inda kotuna suka riƙa umartar ma'aurata su gwada saduwa likitoci da ungozomomi na kusa suna jiran sakamako, har sai da majalisar shari'a ta Paris ta soke al'adar a 1677. Fuƙaha'u sun zaɓi su yi haƙuri da yiwuwar rantsuwar ƙarya a kan su keta suturar mutum.

Ta ɓangaren mace, Malikiyya sun lissafa toshewar farji, da tsiron ƙashi ko tsoka a cikinsa, da haɗewar mafita biyu da suke kira ifla'i, da wari. Halil ya ce a jinkirta wa mai toshewa domin magani gwargwadon ijtihadi, kuma ba a tilasta mata aikin idan da shi aka halicce ta. Duk waɗannan aibobi ne na gaɓa. Zafin saduwa da ɗaurewar tsoka saboda tsoro, wanda likitocin yau suka san yana warkewa da lallashi da horo a hankali, bai sami suna a wannan babi ba. A ƙasar Hausa gurbin nan aska ce ta cike shi: yarinyar da ta kasa jure wa miji sai a ce tana da gishiri, a kai ta ga wanzami ko ungozoma a yanka. Yankan gishiri yana cikin sanannun dalilan yoyon fitsari, wato a garin neman kawar da aibin da babu shi sai a jawo wanda littafi ya ambata.

Abin da ya sauya

Ƙarni na 20 ya kawo sauyi ta fuska biyu. Ta fuskar doka, dokar iyali ta Usmaniyya ta 1917 ta rubuta haƙƙin mace na neman rabuwa saboda aibin miji, dokar Masar mai lamba 25 ta 1920 kuma ta faɗaɗa aibobin ta kuma ce a nemi taimakon masana wajen gane su. Faɗaɗawar tana da asali a maganar Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751/1350) a Zadul Ma'ad, cewa duk aibin da ke kore ɗaya daga ɗaya ya hana manufar aure yana wajabta zaɓi. Ta fuskar likitanci, an gano cewa miƙewar gaba aikin jijiyoyin jini ne: saƙo ya taso daga ƙwaƙwalwa da laka, sinadarin naitirik oksaid ya saki tsokar jijiyoyin, jini ya cika ya tsaya. A 1998 aka ba masana uku kyautar Nobel a kan aikin wannan sinadari a jijiyoyin jini, a shekarar kuma Amurka ta amince da ƙwayar Viagra. Wani bincike da aka buga a 1994 a kan mazan jihar Masacusets ya sami kashi 52 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan rauni.

Dalilan da aka tabbatar su ne ciwon suga, da hawan jini, da toshewar jijiyoyi, da shan taba, da raunin laka, da aikin tiyata a mafitsara da kewayenta, da ƙarancin sinadarin mazakuta, da wasu magungunan hawan jini da na damuwa, da ƙwayoyin maye irin su tiramadol, sannan tsoro da baƙin ciki da rashin jituwa. Saboda jijiyoyin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, sukan riga su toshewa, don haka raunin kan zo shekaru kaɗan kafin ciwon zuciya ya bayyana. Bahaushe kuwa har yanzu sanyi da basir yake zargi. Na farkon yana ɗauke da amon tsohon tsarin ɗabi'u huɗu da ya iso mu ta littattafan ɗibbu, fannin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu 1837) ya yi rubutu a kansa, har da risala a kan basir. Bello yana aiki ne da mafi kyawun ilimin da ya iso hannunsa. Mai lasifika a tasha da ke sayar da garin da ba a san abin da aka zuba a ciki ba, shi kalmomin kawai ya gada. An sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe a ƙasashe da dama da sinadarin Viagra a ɓoye, wanda ke iya kashe mai shan wasu magungunan ciwon zuciya.

Wannan ilimi ya mayar da mu ga mas'alar da Malik ya rufe babinsa da ita. Tsarin ajali an gina shi ne domin angon da bai taɓa iyawa ba. Wanda ya iya ko sau ɗaya sannan ya kasa, jumhur ba su ba matarsa zaɓi ba, Dardir ma ya siffanta abin da musiba ce da ta sauko mata. Abu Saur ne ya saɓa, ya ce shi ma a yanka masa ajali, Ibnu Taimiyya kuma ya tafi a kan cewa cutuwar mace da rashin saduwa tana halatta warware aure ko da gangan miji ya bari ko don gazawa. To, mafi yawan masu wannan lalura a yau irin na biyun ne: magidanci mai 'ya'ya wanda suga ya ci jijiyoyinsa a shekara 45, da matar da wataƙila ba ta kai 30 ba. Idan alƙali ya tsaya a zahirin Muhtasar, ba ta da ƙofa sai hul'i, ta mayar da sadaki a kan lalurar da ba ita ta jawo ba, alhali 'yar'uwarta da aka kasa tun daren farko tana fita da sadakinta cikakke. Babin cutarwa a mazhabar Malik yana da faɗin da zai ɗauki wannan, kuma shi ya kamata a buɗe, bayan an tura mijin asibiti, domin wasunsu suna samun sauƙi idan aka yi musu magani ko aka sauya maganin hawan jinin.

Akwai kuma togaciyar da Dardir ya yi a wannan wuri, cewa idan mijin ne ya jawo wa kansa raunin, matar tana da zaɓi ko da ya taɓa saduwa da ita. A zamaninsa misalin da ke zuwa a rai shi ne wanda ya yi wa gabansa lahani da hannunsa. Yau likita yana iya rubuta wa kotu cewa wannan mutum shekara biyar ya yi yana shan tiramadol, ko an gaya masa yana da suga ya ƙi magani. Na farkon, a fahimtata, ya shiga togaciyar ba tare da wahala ba, tun da abin da ya sha haramun ne kuma illarsa sananniya ce. Na biyun ya fi wuya, domin sai alƙali ya rarrabe wanda ya ƙi magani don sakaci da wanda ya bar shi don ba shi da kuɗin saye.